Bakanike ya ce ƙura ce, ni kuwa kunnena bai yarda ba

Assalamu alaikum. Ni malamar makaranta ce a Zariya, 'ya'yana uku. Maigida a Abuja yake aiki, sai ƙarshen wata yake zuwa, shi ya sa ya bar mini motarsa, Toyota Corolla ƙirar 2005, otomatik. Da ita nake kai yara boko da Islamiyya in wuce wurin aiki. Tun tsakiyar damina ta fara wata ƙara daga baya. Da farko da safe ne kawai, in na taka birki ta yi "ƙiii" sau biyu ko uku, sai ta yi shiru. Yanzu kuwa kusan wata guda ke nan, in na zo tsayawa a hankali sai in ji gurnani daga bayan dama, kamar ana jan ƙarfe a kan siminti, wani lokaci har tayar ta fizga. In zan fito daga gida da ribas kuma sai ta yi "ƙwas" sau ɗaya. Fedar birkin ma ta fi da nitsewa. Sau uku na kai ta wurin bakaniken maigida, amininsa ne tun suna firamare, shi ne ma babban abokin ango a bikinmu. Ya canza fad ɗin gaba, bayan nan ya ƙara man birki sau biyu, ya ce sauran ƙura ce, za ta daina. Bai taɓa kwance tayar baya ba, bai kuma taɓa karɓar kuɗin aikinsa ba. Da na ce wa maigida zan kai wa wani, ransa ya ɓaci. Ya ce tsoro gare ni, kuma cin fuska ne ga mutumin da ya yi shekaru yana mana gyara kyauta, Allah ne mai tsarewa. Nan da mako uku za mu je bikin ƙanwata a Jos a wannan motar, har da yara. Ba na son saɓa wa mijina, ba na son ɓata amincinsu, amma wallahi duk sanda na taka birki sai gabana ya faɗi. Tsoro ne kawai, ko da gaske akwai matsala?

Maman yara uku, Zariya

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah, 'yar'uwa. Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe don hankalinki ya tsaya wuri ɗaya: ba tsoro ba ne kawai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ke ce kuwa a cikin motar nan safe da yamma. Kin ma yi abin da direbobi da yawa ba sa iyawa, kin rarrabe ƙarar kashi-kashi, kin faɗi lokacin da kowacce take zuwa da gefen da take fitowa. Hukunci na ƙarshe sai an buɗe an gani, amma abin da kika rubuto ya isa in ce miki kada a zuba yara a motar nan a nufi Jos sai an kwance tayoyin baya duka biyu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a wasiƙarki wata magana ce da kika faɗa a wucewa: an ƙara man birki sau biyu. Man birki ba fetur ba ne da mota ke sha, ba kuma baƙin mai ba ne da tsohon inji kan ƙona. A rufe yake cikin bututunsa, ki taka ya tafi, ki saki ya dawo. Yakan ɗan ja baya a kwalbarsa a hankali yayin da fad ɗin gaba ke cinyewa, amma da zarar an sa sabon fad sai ya koma sama. To ke an sa miki sabo, sannan man ya ci gaba da raguwa har aka ƙara sau biyu. Wannan mai yana fita ta wani wuri. In kuwa ba a ga ɗigonsa a inda kike ajiye motar ba, wurin da ya fi iya ɓuya shi ne cikin birkin baya, daidai inda kike jin gurnanin.

Birkin gaban motarki da na bayanta ba iri ɗaya ba ne. Na gaba faifai ne a fili, fad biyu suna matse shi ta gefe da gefe, ko ta ramukan wili ana iya leƙa shi. Na baya kuwa durom ne. Ki ɗauka tukunyar ƙarfe ce aka kifa a bayan taya tana juyawa tare da ita. A cikin tukunyar akwai ƙarafa biyu masu lanƙwasa kamar jinjirin wata, kanikawa na ce musu shu ko lainin, an manna wa kowanne wani abu mai tauri kamar fata a bayansa. In kin taka feda, mai ya shiga wata 'yar silinda da ke sama a tsakaninsu, ta ture su waje su kama bangon tukunyar ta ciki. In kin ɗaga ƙafa, sifirin ya janyo su su koma mazauninsu. Birkin hannu ma waɗannan shu ɗin yake ja, sai dai shi da waya yake aiki, ba da mai ba. Tsohuwar fasaha ce, tun 1902 Louis Renault na Faransa ya yi mata rajista, kuma tana da ƙarko. Aibinta da ya shafe ki shi ne komai nata a rufe yake. Ƙura, ruwa, mai, guntun sifirin da ya karye, duk a ciki suke zama, kuma babu bakaniken da zai gan su daga waje komai ƙwarewarsa. Fad ɗin gaba galibi yana da ɗan ƙarfen da ke kuka in ya kusa ƙarewa. Shu ɗin baya ba shi da wannan mai gargaɗin, kunnen direba ne gargaɗinsa.

A kan "ƙiii" ɗin safe, abokin maigidanki ya yi gaskiya, kuma ya kamata a ba shi gaskiyarsa. Durom baƙin ƙarfe ne na zubi. Daren damina ɗaya, ko raɓa, ko wankin mota da yamma, ya isa ya sa cikinsa ya yi ɗan tsatsa siriri kamar hoda. Taka biyu ko uku shu ya share shi, ƙarar ta ɗauke. Ga kuma ƙurar fatar da ke taruwa a ciki, ga jar ƙasar hanyoyin unguwa. Da ita kaɗai ce damuwarki, da na ce ki kwantar da hankali.

Gurnanin da fizgar su ne ba ƙura ba. Robobin da ke cikin 'yar silindar nan suna tsufa, motar 2005 kuwa ta kwana biyu. In suka saki, mai yakan tsattsafo a hankali ya gangaro kan shu. Mutum zai zaci fatar da ta sha mai santsi kawai za ta yi, amma abin da ke faruwa ya fi haka ruɗarwa: man ya haɗu da ƙurar ciki su zama wani baƙin danƙo, sai shu ya riƙa kamawa yana saki, kamawa yana saki. A tafiyar hankali wannan shi ne gurnanin da kike ji. In ya kama gaba ɗaya, tayar ta fizga, a ƙasa mai yashi ko jiƙaƙƙiyar kwalta ma har ta ja. A guje kuwa, lokacin da kike buƙatar birkin da gaske, ba zai riƙe yadda ya kamata ba. Ki haɗa wannan da man da ke raguwa da fedar da ke nitsewa, alamu uku ke nan suna nuna wuri ɗaya, shi ya sa na fi zargin silindar bayan dama. Akwai kuma wasu abubuwan da ke ba da irin wannan ƙarar ta jan ƙarfe a siminti: fatar ta cinye har ƙarfen shu yana gurzar durom, ko gam ɗinta ya saki ta ɓanɓare tana yawo a ciki, ko sifirin ya tsinke ya faɗa tsakani. Ko wanne ne daga ciki, matakin farko ɗaya ne, a buɗe.

Ga wani abu da ba kowa ya sani ba, shi ne kuma dalilin da ya sa ba na ɗaukar yoyon birkin baya da sauƙi. A irin motarki layin man birki biyu ne, kuma a giciye aka haɗa su: tayar baya ta dama layinta ɗaya da tayar gaba ta hagu. Ranar da silindar nan ta fashe gaba ɗaya, ba birkin taya ɗaya ta baya za ki rasa ba, har da na gaba ɗaya, gaba kuwa shi ke ɗaukar kusan kashi 70 cikin 100 na aikin tsayar da mota. Motar za ta tsaya da ragowar layin, amma sai feda ta kusa kai ƙasa, sai kuma ta ci tazara mai yawa.

"Ƙwas" ɗin ribas shi ya fi sauƙi. Tsakanin shu ɗin biyu akwai wani ɗan ƙarfe mai haƙora kamar tauraro, ajasta, aikinsa ya riƙa matso da su kusa da durom yayin da fatar ke cinyewa. A wasu motocin taka birki ana ribas ke motsa shi, a wasu kuma jan birkin hannu. Masu otomatik da yawa sukan sa giya a P su fita, a yi wata da watanni ba a taɓa birkin hannun ba, har ajastar da wayar su yi tsatsa su ƙage. Daga nan tazara ta buɗe, shu ya sami wurin wasa, duk sanda mota ta sauya daga gaba zuwa baya sai ya zame ya bugi mazauninsa. Wannan tazarar ma tana sa feda nitsewa. Sifirin ɗin da ke danne shu a jikin farantin ƙarfen da ke bayan durom in ya yi sanyi yakan ba da wannan ƙarar, haka bushin, wato robar da ke mahaɗar ƙarafan ƙafar baya, haka notin taya da bai ɗauru ba, don haka a gwada notocin tun yau, aikin minti biyu ne.

Akwai ƙara biyu da ba ki ambata ba, amma ki saurara ko suna nan. In kina jin "shak-shak-shak" mai bin juyawar taya ba tare da kin taka birki ba, shu ne ke gogar durom, ko don an matse shi da yawa, ko wayar birkin hannu ba ta saki, ko durom ɗin ya karkace. In kuma wani "wuuu" ne da ke ƙaruwa da gudu, ya sauya in kin sha kwana, bai damu da birki ba, to boris ne, wato ƙarfen da taya ke juyawa a kansa, ko kuma tayar ce kanta.

Gobe da safe, kafin kowa ya shiga motar, ga abin da za ki iya yi da kanki. Buɗe bonet ki dubi kwalbar man birki, tana ta bayan inji a gefen direba, da layi biyu a jikinta, na sama da na ƙasa. Ki ɗauki hotonta, ki sa alama da biro daidai inda man ya tsaya, don ki gane ko ya ragu bayan kwana biyu. Sannan ki durƙusa da fitilar waya ki leƙa cikin tayar baya ta dama ta ƙarƙashin mota, ki dubi farantin da ke bayan durom da gefen tayar na ciki, ki kwatanta da na hagu. In ɗaya a bushe yake da jar ƙura, ɗayan kuma ya yi duhu yana damshi, ko kin ga zane-zanen mai a jikin roba, kin ga shaidarki. Ki tayar da inji, ki danna feda da ƙarfi daidai gwargwado, ki riƙe kamar rabin minti. Ya kamata ta tsaya cak. In tana zamewa ƙasa a hankali a ƙarƙashin ƙafarki, ko kin ga damshin nan, ko jar fitilar birki ta kama a gabanki, to ki kashe motar ki bar ta nan. Kada ki tuƙa ta ko zuwa gareji, bakanike ya zo gida ya same ta.

In duk waɗannan lafiya, ki ja birkin hannu a hankali kina ƙirga ƙas-ƙas ɗinsa. In ya haura tara ko goma kafin ya kama, tazarar da na faɗa ta buɗe. Sai ki sami fili babu mutane, ke kaɗai ba yara, ki bar motar tana tafiya kamar tafiyar ƙafa, ki danne maɓallin birkin hannun da babban yatsa, ki ɗaga shi sannu-sannu ba tare da kin taɓa feda ba. Tunda birkin hannu tayoyin baya kaɗai yake kamawa, in gurnanin ya fito a nan, magana ta ƙare, ba daga gaba yake ba. Ki sa wayarki ta ɗauki ƙarar, ki ajiye ta a kujerar baya gilashi a sauke. Wannan ɗaukar za ta yi miki amfani fiye da dogon bayani, don mota takan yi shiru daidai lokacin da bakanike ya shiga.

Yanzu ga mutanen biyu, don na san su suka fi hana ki barci. Abokin maigidanki ban ɗauke shi macuci ba, kuma ba na son ki ɗauke shi haka. Mai son cutarki kayan da ba ki buƙata zai sa ki saya, wannan kuwa ko kuɗin hannunsa ba ya karɓa. Da ya ji "birki na ƙara" ya nufi gaba, domin galibi daga can matsalar take, shu ɗin baya yakan ga bayan fad biyu ko uku kafin ya ƙare. Kuskurensa, kuskure ne kuwa na gaske, shi ne ƙara mai sau biyu ba tare da ya nemi inda na farkon ya tafi ba. A ganina aikin kyautar nan yana da hannu a ciki. Motar da ba za a biya ba takan shigo gareji ne tsakanin ayyuka, ga masu kuɗi a zaune a benci suna jira, sai a duba ta a tsaitsaye. Shi yana jin nauyin ya ce wa matar amininsa "sai an sayi kaza da kaza", ke kina jin nauyin ki ce "ban gamsu ba" ga wanda ya yi miki alheri. Kunya ta haɗu da kunya, durom ya zauna a rufe wata uku.

Maigidanki kuma, ki duba inda yake tsaye. Kwana biyu ko uku a wata yake tuƙa motar, wataƙila ma da rana bayan ta yi zafi, bai ji abin da kike ji ba. Da kika ce za ki kai wa wani, abin da ya shiga kunnensa shi ne abokinsa bai iya aiki ba, shi kuma bai iya zaɓar wa iyalinsa mai kula da su ba. Namijin da aiki ya raba da gidansa yakan riƙe irin waɗannan amintattun da hannu biyu, don su ne idonsa a bayansa. Bai kyauta ba da ya kira damuwarki tsoro, wannan na faɗa. Amma ban ga alamar bai damu da rayukanku ba, shi ma fa a motar nan zai zauna ranar tafiya.

Saboda haka ki ajiye maganar canza bakanike tukuna, ba ita ce buƙatarki ba. Buƙatarki a buɗe durom biyu a gabanki. Ki tura masa hoton kwalbar mai da ɗaukar ƙarar, ki bari sai ya natsu da daddare, ki ce masa wani abu kamar haka: "Baban yara, man birki ya sake raguwa, ga hoton. Don Allah ka kira abokinka ka ce ya ware mana rabin yini ya kwance tayoyin baya kafin tafiyar Jos. Ni na fi son shi ya yi, don shi ya san motar." Kin ga umarnin ya fito daga bakinsa, aikin ya koma hannun amininsa, babu wanda aka ci wa fuska. Ki kuma roƙe shi wannan karon a biya. In abokin ya ƙi karɓa, a ce na yaran gareji ne, ko a tura masa kuɗin kaya da ƙari a kai. Maganar Allah ne mai tsarewa gaskiya ce, babu musu. Tirmizi ya ruwaito cewa wani mutum ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙumarsa ya yi tawakkali ko ya sake ta ya yi tawakkali, sai ya ce masa ya ɗaure ta ya yi tawakkali. Maigidanki ya san hadisin nan. Kada ki jefe shi da shi a tsakiyar gardama, ki tuna masa a lokacin da kuke daɗi.

Ranar aikin ki tsaya a wurin, ko ki tafi da ƙaninki ko wani ɗan'uwan maigida in tsayuwar gareji za ta yi miki nauyi. Gani ya kori ji. Na taɓa tsayawa haka a kan tawa motar, bayan an daɗe ana ce mini ƙura ce. Da durom ɗin hagu ya fito, cikinsa fes, sai toka-tokar ƙura a bushe. Na dama kuwa da aka zare shi, komai baƙi ƙirin yana maiƙo, kamar an kwaɓa kwalli da man gyaɗa an shafe. Yaron garejin ya sa tsinin sukundireba ya ɗaga bakin robar silindar, sai ga mai ya gangaro kan shu. Wannan ɗaga robar shi ne abu na farko da za ki ce a yi a idonki, a duka ɓangarorin biyu. Ƙarƙashinta ya kamata ya kasance a bushe.

Sai kaurin fatar. Iyakar da Toyota ta sa milimita 1 ne, amma ni ba na son a jira ta kai can, in ta yi ƙasa da 2 a canza. Ki sa yatsa a cikin durom ɗin, in kin ji kwari-kwari masu zurfi ko kin ga tsaga, ba ya ɗaukar sabon shu a haka. Ana iya kai shi wurin mai injin share ƙarfe, amma da iyaka, kuma an rubuta iyakar a jikinsa. A irin motarki faɗin cikinsa milimita 200 ne yana sabo, iyakarsa 201, kin ga abin da za a iya ci kaɗan ne ƙwarai, wanda ya wuce nan sai canji. A duba sifirin ɗin duka, a kwance ajasta a wanke ta ta riƙa juyawa da yatsa, a ɗan shafa giris na birki a wuraren da shu ke zamewa a jikin faranti, kaɗan, kada ya taɓa fatar. A ja wayar birkin hannu a ga tana komawa da kanta.

Akwai dabarun gareji da nake roƙonki ki ƙi, ko wa ya kawo su, cikin ladabi amma ba ja da baya. Shu ɗin da ya sha mai ba ya wankuwa. Ana wanke shi da fetur, wasu har su cinna masa wuta su goge da sanfefa, ya yi kyau a ido, amma man ya riga ya shige cikinsa, da ya ɗau zafi zai sake tsattsafowa. Fetur da kananzir kuma suna kumbura robobin birki. Kada a canza shu na gefe ɗaya a bar ɗayan, in ba haka ba wata taya za ta fi wata kamawa, silindar ma gara a canza biyun tunda sa'o'in juna ne. Mafi muni shi ne a daƙe bututun man tayar ko a toshe shi a ce "baya ba ta da wani aiki". Wannan kashe birkin taya guda ne, kuma mota mai birki uku takan juya in an taka da ƙarfi. Kada a zuba komai a kwalbar sai man birki daga sabon gwangwani a rufe, DOT 3 kamar yadda aka rubuta a murfinta. In kin ga yaro zai hure ƙurar da iska ko da baki, ki hana shi ki kuma matsa, don wasu fatun masu araha har yanzu akwai asbestos a cikinsu, mai lalata huhu. A jiƙa ƙurar a goge. Wajen sayen kaya, a ba abokin maigida kuɗin mai kyau, a gaya masa ƙarara ba a son mai araha, don sau da yawa tausayin aljihun mai mota ke sa bakanike ya ɗauko na banza. Bayan an ɗaura, a fitar da iska daga layin har feda ta yi tauri, gara ma a sauya man gaba ɗaya in ya haura shekara 2.

In kuma maigida ya ƙi, ko abokin ya sake cewa ƙura ce bai buɗe ba, akwai sauran hanya kafin a kai ga ɓacin rai. Kanikawa da kansu sukan tura aiki wurin junansu, wannan na inji ne, wancan na giya, wancan na birki da ƙafa. Ki roƙi abokin shi da kansa ya zaɓo mai birkin da ya yarda da shi, ya kai motar ko ya kira shi garejinsa. Wannan ba raini ba ne a wurinsu, al'adar sana'ar ce. In hakan ma bai samu ba, ki sami wanda maigida ke jin nauyinsa, yayansa ko kawunsa, musamman in mai mota ne, ki nuna masa hoton ba tare da kin kai ƙarar kowa ba. A tsakanin nan kina da ikon ki ce ba za ki tuƙa ta da yara ba. Ki faɗa a tausashe, ki ajiye makulli, ku yi 'yan kwanaki kuna hawa a-daidaita-sahu. Wannan ba saɓa wa miji ba ne, amanar 'ya'yansa ce a hannunki.

Tafiyar Jos ita ta sa nake matsa miki. Zariya ba ta kai mita 700 daga saman teku ba, Jos kuwa tana kan kusan mita 1,200. Ta Pambeguwa da Saminaka za ku hau, a dawowa kuma gangara ce, mota cike da mutane da kayan biki. Nauyi a baya yana ƙara wa birkin baya aiki, durom kuma in ya yi zafi buɗewa yake yi ya nisanci shu, feda ta ƙara nitsewa a kan nitsewar da take yi yanzu. Man birki yana shan damshin iska: sabon DOT 3 sai zafi ya kai digiri 205 yake tafasa, wanda ya sha ruwa kuwa yana iya tafasa a 140, in ya tafasa kuwa feda fanko take zama. Ko bayan gyara, wanda zai tuƙa ya sa giya a 2 ko L a doguwar gangara, inji ya riƙe motar, kada ya kwantar da ƙafa a kan birki tun daga sama har ƙasa.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka a yi aikin a wannan makon, ba a jajibirin biki ba. Sabon shu yana son 'yan kwanaki na tafiyar cikin gari kafin ya zauna daidai a durom, ke ma kina son mako biyun nan ki riƙa duba alamar biron da kika sa a kwalba, ki leƙa bayan tayar, ki saurara. In ranar ta zo ba a buɗe ba, ku bi motar 'yan'uwa ko ta haya, Corolla ta jira ku a gida.

In an buɗe, ki rubuto mini abin da aka tarar a bayan dama, da yadda maganar ta kaya tsakaninki da Baban yara. Allah ya kai ku Jos lafiya ya dawo da ku lafiya, ya sanya albarka a auren ƙanwarki.